Tandar Waina Mai Cin Harsashi

Lokacin tashin bama-bamai a Landan, na ga wani zagayayyen ƙarfe a kasuwar gwanjon Catford. Ni jikan maƙera, kallo ɗaya na yanke hukunci: tandar wainar Turawa ce. Na saya wa matata, na manta da ita a bas.

Da na je karɓa a ofishin bas, 'yan sanda na tarar suna jirana.

Babbansu ya ce, "Wannan gidan harsashin ƙaramar mashingan ne, ta yaƙin duniya na farko. Arba'in da bakwai yake ci. Ina bindigar?"

Awa huɗu na yi ina bayanin waina da Turanci kafin su sake ni.

Har yau in matata ta ɗora tanda sai ta ce, "Janar, in loda?"