Kwamfutata Ta Daina Naƙuda, Matata Ta Daina Zama

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ƙiftawar Ido, masu ƙera ma'ajiyar kwamfuta, jagoran masu sauri, abokin gabar jira, wanda bai taɓa ganin fuskata ba amma ya shigo har falona ya sake mini tsarin gida.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta mutumin da aka yi wa alheri ya rasa inda zai kai ƙara, ina fatan kana lafiya, kai da injiniyoyinka da wanda ke rubuta muku bayanin bayan kwali. Shi wannan na ƙarshe a gaishe mini da shi daban, domin sana'armu ɗaya, kuma ina da magana da shi.

Ni mai gyaran rubutu ne. Marubuta su yi ɓarna, ni in bi bayansu da tsintsiya. Ofishina shi ne kusurwar teburin cin abinci ta wajen taga, kayan aikina kuma wata tsohuwar laftof wadda rabin haruffanta sun goge saboda duka. Matata ungozoma ce a asibiti. Ka riƙe wannan, domin nan maganar take.

Shekara da shekaru, in na danna maɓalli da safe, kwamfutar sai ta yi nishi. Fanka ta ɗauka, tsohon faifan da ke cikinta ya shiga ƙara kamar ana tauna tsakuwa, wani ɗan zobe ya fito a allo yana ta juyawa. A daidai lokacin matata ke fitowa da shayi, sanye da fararen kayan aiki, jaka a kafaɗa. Sai ta leƙa zoben ta ce, "Har yanzu ba ta sauka ba?" Sannan ta ja kujera. Ungozoma ba ta tafiya ta bar mai naƙuda, a jininsu yake. A wannan zaman nake jin duk abin da duniya ke ciki: wa ya yi waya, wa ya yi fushi, wane ɗa ne ke ɓoye mana wani abu, wace maƙwabciya ce ta daina gaisuwa. Ni ba mutum ba ne mai iya buɗe baki ya ce wa matarsa ta zauna su yi hira. A littattafai na tashi, kuma a cikinsu duk namijin da ya faɗi irin wannan magana, a babi na gaba yake mutuwa. Kwamfutar ce ke yi mini wannan roƙon, kuma ba ta taɓa gazawa ba.

Wannan zaman ne kayanku suka raba ni da shi. Amma tunda ni mutum ne mai tsari, bari in bi ƙorafe-ƙorafena daki-daki.

Na ɗaya. Ƙanen matata, wanda muke kira Injiniya ko da yake a kantin magani yake aiki, ya zo ya ga kwamfutar tana fama, ya dafe kai ya ce, "Yaya, wannan ai cin amanar zamani ne. Ka sa mata SSD kawai." Ya ce ma'ajiya ce marar faifai, babu abin da ke juyawa a cikinta, ba ta ƙara, ba ta jin girgiza. Na ɗauka abu ɗaya ne mai suna ɗaya, kamar buta. Da na je shago sai aka baje mini iri-iri. Wata mai faɗi kamar biskit, wata siririya kamar cingam. Cikin siraran ma akwai mai tsaga ɗaya a baki, akwai mai tsaga biyu, akwai gajera, akwai doguwa. Wata an rubuta mata SATA, wata an rubuta mata haruffa huɗu, uku manya ɗaya ƙarami, kamar iyali sun fito ɗaukar hoto. Ranka ya daɗe, na karanta littattafan falsafa waɗanda marubutansu da kansu ba su gane su ba, amma ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta gaban wannan kanta ba. Wane laifi muka yi muku da za ku raɗa wa 'ya'yanku suna ɗaya alhali ba sa shiga ƙofa ɗaya?

Na biyu. Da na rasa yadda zan yi, sai na yi abin da kowane mai ilimi zai yi, na zaɓi wadda lambar jikin kwalinta ta fi girma. Siririyar ce. Na kai wa mai gyara, wani bawan Allah da ke amsa kowace tambaya da "ya danganta". Ya kwance notuna, ya ɗaga murfin, ya hure ƙurar da ta isa a shuka wani abu a kai. Ya dubi cikin kwamfutar, ya dubi abin da na sayo, ya sake duban cikin. Sannan ya ce, "Baba, ka sayo wa keke tayar jirgin sama." Ashe kwamfutata ta girmi ramin da ake soka siririyar, mai kama da biskit kaɗai take karɓa. Ga tambayata ga abokin sana'ata na bayan kwali: ka samu wurin zana walƙiya, ka samu wurin zana damisa tana gudu, ka samu wurin rubuta godiya cikin harsuna goma sha wani abu. Ina ka rasa wurin layi ɗaya da zai ce wa mutum ya fara duba irin ramin da ke cikin kwamfutarsa kafin ya saya? Na koma shago na yi musaya. Mai shagon bai yi dariya ba. Na fi son da ya yi.

Na uku. A gaban lambar sauri kun rubuta "har zuwa". A sana'ata, waɗannan kalmomi biyu su ne mafakar wanda ba ya son a kama shi. Ni ma ina iya gudu har zuwa saurin doki, in dokin ba shi da lafiya. Haka nan maganar girma. Injiniya ya rantse in ban sayi babba mai tera ɗaya ba, zan yi nadama, mai gyara ya ce ya danganta, ni kuwa duk abin da na mallaka rubutu ne da hotunan yara, waɗanda ko kwata ba za su cika ba. Na ɗauki matsakaiciya. Kwali ya ce giga ɗari biyar da sha biyu, da aka saka sai kwamfuta ta nuna ɗari huɗu da saba'in da 'yan kai. Ina sauran? Injiniya ya yi mini bayani cewa ku dubu kuke kira dubu, ita kuwa kwamfuta sai ta ƙara ashirin da huɗu a kai take yarda dubu ta cika. Na gamsu. Ina dai lura cewa duk lokacin da aka samu saɓanin lissafi tsakanin masana, ban taɓa ganin rarar ta faɗo ta wajena ba.

Na huɗu. An gaya mini ma'ajiyarku tana da iyakar rubutun da za ta ɗauka a rayuwarta, kuma in ajalinta ya zo, sau da yawa ba ta sallama. Tsohon faifaina mai ladabi ne. Da ya fara tsufa sai ya yi ta tari, yana gurnani, yana ba ni lokaci in shirya. Taku kuwa an ce lafiya lau za ku rabu, ka dawo ka tarar da gawa. Shawarar da aka ba ni ita ce in riƙa ajiye kwafin komai a wani wuri. Wato na sayi ma'ajiya, yanzu sai na nemo wata ma'ajiyar da za ta tsaya mata shaida. A ƙarshe tsohon faifan nan da aka sallama saboda tsufa, shi aka sa wa riga aka dawo da shi gadi. Yana cikin aljihun tebur yanzu. Ba ya cewa komai, amma na san abin da yake tunani.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Ranka ya daɗe, kayanku suna aiki. Wannan shi ne babban ƙorafina. Washegarin da aka saka, na danna maɓalli, na miƙa hannu zan gyara tabarau, kafin hannun ya kai hanci har aikin jiya ya buɗe yana kallona. Matata ta fito da shayi, ta leƙa, ta ga rubutu cike da allo. Ta ce, "A'a, yau tun a mota ta haihu, ba a kai asibiti ba? To Baban yara, kada in dame ka." Ta ajiye kofi, ta gyara jaka, ta fita. Kujerar da take ja tana nan a cikin tebur, ko motsi ba ta yi ba. Na gama aikin wuni kafin rana ta take, na zauna ina kallon bango da duk lokacin da kuka ceto mini.

Haka aka yi ta yi. In ta dawo da yamma a gajiye take, ta karɓi haihuwa uku ko huɗu, ba ta da sauran baki. Labari ya ƙafe mini ƙaf. Na haɗu da maƙwabcinmu na tambaye shi lafiyar motarsa, ashe an sace ta, unguwa duk ta je jaje ban da ni. Na yi wa wani ɗan'uwa murnar sabon aiki a ranar da aka kore shi. Abin da ya fi ci mini rai, a kujerar mai aski na ji cewa babbar 'yata tana da ciki. Aska na wuyana, ya ce, "Barka Baba, an kusa zama kaka." Na ce masa ai na daɗe da sani. Da na tuhumi matata, sai ta ce ta so ta gaya mini, amma kullum ta fito sai ta tarar ina aiki. Ka ji fa. Shin a ɗakin gwajinku akwai na'urar da ke auna irin wannan asara, ko daƙiƙoƙi kawai kuke ƙirgawa?

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na loda wa kwamfutar duk wata manhaja mai nauyi da na samu, na sa su tashi tare da ita. Ta kwashe su kamar ba komai. Na gwada ƙin kunnawa, na zauna ina goge tabarau har matata ta fito. Ta dube ni da tausayi ta ce na fara mantuwa, ta danna mini maɓallin da kanta, ta wuce. Na yi tunanin mayar da tsohon faifai, mai gyara ya ce zai iya, amma zai gaya wa mutane. Daga ƙarshe na kira Injiniya na tambaye shi ko akwai hanyar rage wa abin sauri, ko da da safe kawai. Ya tambayi dalili, na yi kuskuren faɗa masa. Dariyar da ya yi sai da na janye wayar daga kunnena. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa, wanda a wajen Injiniya daidai yake da miƙa masa lasifika.

Saboda haka na yi niyyar roƙonka, cikin ladabi, ku ƙera wata ma'ajiya ta musamman domin magidanta masu nauyin baki, wadda za ta riƙa ɗan nishi a kunnawar farko, gwargwadon shan kofi ɗaya, sannan ta ci gaba da gudunta. Har na tsara muku abin da za a rubuta a kwalin.

Sai dai yau da safe wani abu ya faru. Na danna maɓalli, allo ya ƙi haske. Batirin kwamfutata ya daɗe da zama ado, in ba a jone take ba ko numfashi ba ta yi. Na duba bango, babu caja. Na duba ƙarƙashin tebur, na ɗaga matasan kujera, babu. Ina durƙushe matata ta fito, da kofi biyu a hannu. Ta ja kujera ta zauna, ta ce in bar nema, abin da ya ɓace a gida shi ke dawo da kansa. Ta ɗora jakarta a cinya, kuma daga bakin jakar wata baƙar wayar lantarki ta leƙo, tsawon ɗan yatsa, wadda na san ta kamar yadda na san sunana. Na dubi wayar, na dubi shayi, na zaɓi shayi. Na ji sunan da 'yata ke son raɗa wa jaririn, na ji wanda ake zargi da motar maƙwabci, na ji abin da ƙanenta ya faɗa a kaina, wanda ba zan maimaita a takarda ba. Da ta tashi tafiya ta zaro cajar ta ajiye a gabana, ta ce, "Ga shi, a jakata na tsince ta. Ban san yadda take shiga ba. Ina jin gobe ma za ta shiga."

Don haka, ranka ya daɗe, na janye ƙorafi na biyar. Sauran huɗun suna nan daram, kuma ina jiran amsa. Roƙo ɗaya ya rage. Injiniya ya ce ya ji kuna shirin ƙera batirin da ke yin mako guda bai mutu ba, kuma ya riga ya fara kallon kwamfutata da irin kallon nan nasa. Ina haɗa ka da girman kujerarka, in kun ƙera shi, ku yi shi da siffar da ba za ta shiga tawa ba. Na shaida kun ƙware a wannan.

Ina mai sunkuyar da kai gaban saurinku, da fatan Allah ya ƙara muku basira, ya ɗan rage muku gaggawa.

Naka mai biyayya har zuwa iyakar ƙarfinsa,

Mai gyaran rubutu,
mijin ungozoma,
kusurwar tebur ta wajen taga.