Sanarwar Rasuwar Firjin Marigayiya Batulu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Rekiya Yamusa ta unguwar Orozo nake sanar da rasuwar firjinmu, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi, bayan jinyar sati uku.

Marigayin ya zo gidanmu ɗan gwanjo a shekarar 1996. Mahaifiyata Batulu ta sayo shi a Mararaba, da zoɓo da ƙanƙarar da ya daskarar aka kai ni har jami'a. Da ta rasu, shi kaɗai ya biyo ni ɗakin haya. Ba shi da gulma, ba ya tambayar yaushe zan yi aure. Idan na dawo aiki, gurnaninsa, wato "gurrr" sannan "ƙyas", shi ne sannu da zuwan da nake samu.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. A cikinsa akwai tsohon gas, R-12, irin wanda ke cinye rufin ozon da ke kare mu daga mugun hasken rana. Shekara huɗu ina bin rumfunan masu gyara daga Durumi zuwa Karshi, ina auna irin wannan gas, ina rubuta rahoto, ina faɗa da masu sakinsa a iska. Kullum kuma in dawo in sha ruwan sanyinsa. Na san abin da hakan yake nufi.

Ciwon ajalinsa a kwamfuresa, wato injin da ke sa shi sanyi, ya kama shi. Oga Thaddeus mai gyara ya duba, ya ce zai tashi: a yanke bututu, tsohon gas ya fice, a sa sabon inji da sabon gas. Na tambaye shi na'urar zuƙe gas.

"Anti, wa ke da wannan a nan? Iska ce fa, iska za ta koma. Minti biyu an gama."

Haka kowa ke cewa, shi ya sa muke inda muke. Ya riga ya ɗora filaya a bututun lokacin da na riƙe masa hannu. Ya tattara kayansa ya tafi. Marigayin bai ƙara motsi ba.

Ya bar ni, da kulolin zoɓo biyu, da ɗaki shiru.

Game da jana'iza: 'yan gwangwan su daina ƙwanƙwasa mini ƙofa, ba za a fasa shi da guduma don jan ƙarfe ba. Za a sallace shi ranar da aka samu mai na'ura da tukunyar da za a zuƙe gas ɗin a rufe. Na rubuta wa wurare uku, babu wanda ya amsa tukuna. Kafin nan gawa tana ɗakina, na wanke ta, na lulluɓe da zane. Ana karɓar gaisuwa kullum bayan la'asar. Kujera ɗaya ce, kuma ruwan da za a ba ku ba sanyi.