Yadda Za Ka Ɗaure Bawul Ɗin Mota Ba Tare Da Ka Tambayi Ƙanwarka Ba

Ku yi mini afuwa. Ni yarinya ce, ban taɓa rubuta abin da ya wuce wasiƙar Iya ba, kuma na san maganar inji ta maza ce. Amma na yi alkawari, duk wanda ya bi matakan nan zai zama gwani kafin la'asar, kamar yadda Yaya Ja'afaru ya zama ina kallo.

1. Ka samo motar da ta gaji da duniya

Wadda ta fi ita ce irin ta tsohon Baturen gona, da ta kwana biyu a fadama har aka jawo ta da shanu. Alhaji Haruna mai sayen gyaɗa ya saye ta. Ka je gabansa ka bugi ƙirji ka ce kai za ka tayar da ita. Zai ce, "Ja'afaru, in ta kai ni Guri ran Asabar kafin ruwa ya tare hanya, kai ne direbana. In ba haka ba, ka koma wa babanka da gizagonsa."

Ka yi dariya. Kada ka tuna cewa ka rantse a gaban dukan gida ba ka ƙara sassaƙa jirgin ruwa ba har abada.

2. Ka nisanci littafi

A ƙarƙashin kujerar motar akwai littafin injin, da Turanci. A gidanku akwai mai iya karanta shi, don an tura ta makarantar 'yan mata a Kano. Wannan ba dalili ba ne. Ka ɗora tukunyar baƙin mai a kansa, ai littafi ya iya hana ƙasa ɓaci.

3. Ka tuna gidan da ka fito

Ka wanke injin, ka haɗa shi, ka buɗe murfin sama. Za ka ga ƙarafuna a jere kamar masu sunkuyo, kowanne yana danna kan bawul, wato 'yar ƙofar da iska ke shiga da fita. Tsakanin ƙarfen da bawul akwai ɗan gibi.

Gibi! A hannun jikan masassaƙan jirgi! Tun kana goye kake jin Baba yana cewa kafar da allura ta shiga, kogin Haɗeja ma zai shiga. Ɗauki sufana da sukudireba, ka ɗaure kowanne tam, har ka ƙara rabin juyi saboda albarkar kakanni.

4. In ƙanwarka ta yi magana, ka ba ta amsa ta ilimi

Za ta tsaya a bakin zaure tana murza gefen mayafi, ta ce, "Yaya, littafin ya ce ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Gibin nan wurin miƙewarsa ne."

Ka ce, "Ke Sakinatu, ƙarfe ne ko ɗanwake? Baturen da ya rubuta, ba shi ya jefa ta a fadama ba? Wuce ki duba tuwo."

Masu kallo za su yi dariya. Dariyar masu kallo ita ce rabin makanikanci.

5. Ka gwada motar ranar Juma'a da hantsi

Za ta tashi shiru, ba ƙas-ƙas ko ɗaya. Ka karɓi yabo da hannu biyu. Ka ɗauki Alhaji ku nufi bakin kogi. In injin ya ɗumama zai fara tari, ya yi harbi sau biyu har jakin mai kifi ya zubar da kaya, sannan ya mutu. Ka ce fulogi ne. Ka ce man ne. In an turo ku gida, ka ce sammu ne.

Alhaji zai kakkaɓe rigarsa ya ce, "Gobe da hantsi. Ruwa ya riga ya taɓa gindin tsamiyar hanya."

Kada ka ci abinci. Kada ka kalli gizagon da Baba ya jingine maka a bakin ɗaki.

6. Ka tafi masallaci

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne wuya, kuma kai ba ka da aiki a cikinsa. Ka dai tabbata ka bar sufana a waje, huɗuba kuma ta yi tsawo har injin ya huce, don da sanyinsa ake aunawa.

Ban san abin da ke faruwa a gida a lokacin ba. An ce wai wata tsohuwa takan kama handul ɗin tayar da injin tana juyawa a hankali, tana cewa, "Ke 'yar nan, yi maza, bayana ba na Bature ba ne." An ce wai ƙarfen awon gibi babu shi a gidan, amma Baturen ya rubuta da fensir a gefen shafi cewa takarda ninki uku takan yi. Takardar da ke kusa kuwa ita ce shafin farko na wani labari da wata ta yi wata huɗu tana rubutawa. Ana sassauta noti, a zura takardar har ta riƙa shiga da ɗan ja, a ɗaure. Sau goma sha biyu. A na ƙarshe ba harafin da ke karantuwa.

Ni dai ji na yi.

7. Ka karɓi abin da Allah ya ba ka

Ka dawo ka juya handul don kawai a ga ka yi. Za ta tashi tana ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, ta je bakin kogi ta dawo sau uku ba tari. Alhaji zai ce, "Wannan ƙarar fa?"

Ka gyara hula ka ce, "Ranka ya daɗe, gibi na bar mata. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Ba kowa ya san wannan ba."

Ka kalli Iya in ka ga dama. Tana tauna goro, tana kallon sama.

Ni dai ba ruwana da abin da zai sami motar kowa. Ban taɓa riƙe sufana ba, tabon da ke jikin takardar nan kuma na miya ne. Ga shi can ana shewa a ƙofar gida, Baba ya mayar da gizagonsa ciki. Bari in zagaya ta bayan rumbu, in nemo toka in wanke farcena kafin a ce in kawo wa direba ruwa.