Gindin Tukunyar Kaka

A wani daji da kasuwa ta koma cikin waya, akwai wata tsohuwar giwa, Ladingo, mai riƙe da sarautar Uwar Tarihi. Tun gobarar da ta cinye kayan kakarta, ba abin da ke ci mata rai kamar tukunyar da suka sha miya a cikinta suna yara.

Wata rana sai ga hoton tukunyar a shafin Dila, baƙa ƙirin, an rubuta: "Ta kakannin giwaye ce, an tono ta a kufai." Ladingo ta yi kuka har hancinta ya toshe, ta ce lallai ita ce ta kakarta. Majalisar daji ta saya ba ko taya, aka sa ranar biki, aka gayyato baƙi.

Da tukunya ta iso, aka miƙa wa Ladingo don ta sa albarka. Ta shafa ta, ta sunsuna. Wallahi ta so ta tsaya nan. Amma hannun da ya saba wanke-wanke ba ya ajiye tukunya bai kifa ta ba. Ta kifa, ta daɗe tana kallo.

Ta juya ga Zaki, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ita ba ce. Tukunyar da ta yi girki tana da tabo uku a gindi, inda ta zauna kan duwatsun murhu, hayaƙi bai kai ba. Wannan baƙinta ya game ko'ina, har ciki. Rataye ta aka yi a hayaƙi. Ba ta taɓa ciyar da kowa ba."

Zaki, shugaban majalisa, ya yi gyaran murya. "Iya, ke fa kika fara shaida ta."

"Ni ce. Kewa ce ta duba hoton, ba ni ba."

Kura, mai kula da bukukuwa, ta matso. "Haba Iya, an riga an yi anko! Wane baƙo ne zai leƙa gindin tukunya? Ki ce ita ce, ki riƙe kujerarki."

Ladingo ta ce, "Na ci tuwon matar nan. Ba zan ɗora mata tukunyar ƙarya ba." Ta cire carbin sarauta daga wuyanta, ta ajiye, ta fita a hankali. Ban taɓa jin giwar da ta fi ta girma ba, kuma ba jiki nake nufi ba.

Majalisa ta yaba da gaskiyarta ƙwarai, har da tafi. Sannan ta ɗauki matakin gaggawa: aka dasa gindin tukunyar da siminti.