Yadda Ake Haɗa Ruwan Sigarin Lantarki, Daga Bakin Wadda Ta Ji Jiki

Matso kusa, 'yata. In kika bi matakan nan yadda na bi su, na yi miki alkawari mijinki zai rabu da taba cikin wata guda. Abin da zai biyo baya kuma, bari mu isa wurin tukuna.

Mataki na ɗaya: Ki samu mai shan taba

Ni ban sha wahalar nema ba, a gida na tarar da nawa. Malam tsohon direban babbar mota ne, shekara arba'in yana busa hayaki. Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa, ya ce in bai bari ba kada ya sa rai da ganin jikarsa ta gama makaranta, sai babbar 'yarmu ta sayo masa sigarin nan mai caji, wanda ake ɗura wa ruwa mai ƙamshi. Ya zuƙa sau biyu ya ajiye. Wai bai ji komai ba, kamar iska yake sha.

Na ce a bar min. Ni wadda Malam ke yabon hannuna a gaban baƙi, ɗanɗano ne zai gagare ni?

Mataki na biyu: Ki je shago a ba ki kunya

Na kwashi filebon da nake sa wa kek don ƙamshi, da man kwakwa, na nufi shagon masu sayar da abin. Mai shago ya dube su, ya dube ni.

"Mama, huhu fa ba ciki ba ne. Waɗannan ki mayar da su kicin."

Ya ba ni ruwan da aka riga aka haɗa, da 'yan kwalaben ƙamshi irin nasu, da sirinji. Ya ce in auna, in rubuta duk ɗigon da na sa.

Na ce, "Ɗan nan, tun ba a yaye uwarka ba nake girki, ban taɓa auna gishiri ba."

Ki riƙe wannan maganar. Za ta dawo.

Mataki na uku: Ki ajiye sirinjin

Awo na masu koyo ne. Ki zuba na mangwaro har sai zuciyarki ta ce ya isa. Ki ƙara na na'a-na'a. Ki sa na kofi, tunda direba ne. Na abarba kuwa ba sai kin sa ba, kwalbar za ta kife ciki da kanta, kamar yadda tawa ta yi. Ki girgiza, ki rufe a kabad kwana biyar, kina leƙawa kamar kaza mai kwanci.

Malam ya zuƙa, ya lumshe ido. "Tsohuwa, wannan kam na ji shi. Hannunki ba ya kuskure."

Kwana goma sha biyu bai taɓa kwalin taba ba. Tarin asuba ya ragu. Ni kuwa har tafiyata ta canza.

Mataki na huɗu: Ki tuna ba ki rubuta komai ba

Kwalbar ta ƙare. Na haɗa wata, ya zuƙa ya yamutsa fuska. "Ba shi ba ne." Na sake. Har sau bakwai. Ɗaya ta fito da warin sabulun wanki, ɗaya maganin sauro. Akwai wadda ta sa maƙwabciyata ta leƙo ta tambaya ko fenti muke yi.

Wani hantsi sai na ga Malam ya sa hula yana lalubar aljihu.

"Ina zuwa?"

"Zan ɗan miƙe ƙafa."

Na san miƙe ƙafar Malam, a teburin mai taba take ƙarewa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai ya bi ta kaina.

Mataki na biyar: Ki nemo ragowar ta farko

Allah ya taimake ni, babbar 'yarmu tana gidan. Na ce ta tsare ƙofar, na bankaɗe kabad na samo kwalbar farko, da ɗan saura a gindinta. Na ɗura masa. Ya zuƙa. Ya ƙware, har da hawaye.

"Wannan ai ya fi duk sauran muni!"

"Shi ne fa wanda ka yaba!"

Muka tsaya muna kallon juna. Sai yarinyar ta ce, "Mama, ba ruwan ne ya canza ba, harshen Baba ne ya dawo. Ai likita ya ce in ya bar taba zai fara jin ɗanɗano."

Malam ya cire hula, ya zauna. "Kenan shekara arba'in ban san abin da nake ci ba? Tsohuwa, kawo abinci in ji."

Na tashi da murnata.

Mataki na shida: Kada ki kawo abincin

Ni na kawo. Loma ɗaya ya yi, ya miƙa hannu neman ruwa.

"Yau gishiri ya kufce miki ne?"

'Yarmu ta ɗaga kai tana ƙirga silin. Can ta ce, "Baba, kullum haka yake. Mu da ruwa muka girma."

Na ce, "Ke! Me ya hana ku faɗa?"

"Baba na cewa hannunki ba ya kuskure. Wa zai ja da shi?"

Yau wata huɗu ke nan Malam bai sha taba ba. Mai cajin ma ya ajiye, wai yana tsoron in sake ɗura masa. Yanzu sai ya zauna da lemo ɗaya yana sha yana mamaki kamar yau aka halicce shi. Jikar ta hau bayansa ba ya haki.

Gargaɗi

In kin gwada ya yi, ki gode wa Allah. In bai yi ba, ki koma wurin likita, ni ba likita ba ce. In kuma harshen maigidanki ya dawo ya fara faɗar gaskiya, kada ki aiko min da ƙorafi, cewa na yi zai bar taba, ban ce zai ci gaba da yabon miyarki ba. Ko kin zo ma ba za ki same ni da sukuni ba. Ina kicin da ɗan cokalin awon da Malam ya sayo min, shi kuma yana tsaye a kaina yana ƙirgawa.