Ranar da na toshe wa lasifika hanci

Ba na jin zan taɓa mantawa da bikin da aka yi a Bonkoukou, shekarar da na dawo daga Yamai da wata uku na koyon gyaran rediyo a kaina (wata ukun ma har da sati biyu na zazzaɓi). Kawuna Idi, mai ba da hayar kayan sauti a Filingue, ya ce in na fita kunyarsa a wannan biki zai bar mini shagon, shi ya koma gonar hatsinsa. Ina son shagon nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ana gobe biki na buɗe akwatunan lasifika guda huɗu don in nuna ni ma na iya. Kowane akwati da bakuna uku: babba na ganga, ƙarami na sauti mai kaifi, sai na tsakiya da muke kira mediyom, wanda muryar mutum ke fita ta cikinsa. A bayan maganaɗisun kowane mediyom na ga rami, ɗaya har zanzaro ya fara gini a ciki. Na yi tsaki, na ce masu ƙera abin nan ba su san ƙasarmu ba. Na kwaɓa danƙo na liƙe duka huɗun, har da shafewa da yatsa don ya yi kyau.

Washegari da azahar, rana kamar ta dafa ƙwai, Sanda maroƙi ya karɓi makirufo ya fara jero kakannin ango. Tun a kaka na biyu muryarsa ta koma ta mai mura. Na ƙara wuta (me kuma gwani zai yi?). A kaka na huɗu ƙauri ya tashi. A na biyar, wanda ya haƙa rijiyar garin kuma dangi suka taru musamman don jin sunansa, murya ta ɗauke. Ganga na ta dukan ƙirji, Sanda na ta buɗe baki, ba a jin abin da yake faɗa. Uban ango ya juyo ya dube ni, taron duka ya bi shi da kallo. Na sunkuya ina taɓa wata waya da ba ruwanta.

Kawu bai yi faɗa ba. A shago ya kwance mediyom ɗaya, ya ɓamɓare danƙon da farce, ya nuna mini zaren wayar da ke ciki ya ƙone ƙurmus.

"Ɗana, ramin ga shi na hancinta," in ji shi. "Ta nan taka shan iska, ta nan zahi ka hita. Kai in an toshe maka hanci, waƙa kaka yi?"

Shekara biyu na ƙara ina ɗaukar akwatuna kafin ya ba ni mabuɗin shago. A Bonkoukou har yau Toshe suke kirana. Yanzu in na ga rami a jikin abin da ba ni na ƙera ba, ko a tulu ne, sai na tambaya kafin in kwaɓa danƙo.