Yadda Za Ka Zaɓi Allurar Sauke Tumbi Kafin Shef Ta Dawo Daga Yamai

Ɗan'uwa ma'aikacin proje, kwantar da hankalinka, ka zo wurin da ya dace. Idan ka bi abin da zan tsara maka daki-daki, na yi maka alkawari tumbin nan da ke riga ka shiga buro, wato ofis, zai sauka, kuma kujerarka ba za ta motsa ba. Ban taɓa karatun likita ba, allura ma tsoronta nake ji, amma na ga wanda ya bi hanyar nan daga farko har ƙarshe. Sunansa Zarami, shi ke riƙe da makullin magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, na wata ƙungiyar agaji a nan Diffa, kuma da shi zan riƙa yi maka misali.

1. Ka fara tabbatar da cewa tumbin ya zama shaida

Ba kowace ƙiba ce ke neman allura ba. Ƙibar dillalin tattasai ado ce, kowa ya san inda ta fito. Taka ce abin damuwa, domin a bakin buhu ka same ta.

Shekarar da aka tashi ƙauyukan bakin Komadugu, mutane suka zo suka zube a gefen kwalta, Zarami katin waya yake sayarwa, wuyansa kamar na buta. Sai Allah ya haɗa shi da proje. Bai taɓa satar buhu ba, a'uzubillahi, shi ba ɓarawo ba ne. Abin da ya koya wa masu awo kawai shi ne su riƙa barin yatsunsu a cikin tiya, kwanon awo, in za su zuba wa 'yan gudun hijira hatsi. In an tashi rabo, sai a tarar wasu buhuna sun rage da kansu, kuma abin da ya rage ai ba a barinsa a rana. Ka haɗa wannan da atilye, wato taron bita, a kai a kai, da pos-kafe, hutun shan shayi mai kaza da lemo, za ka gane yadda aka yi tela ya fara yi masa ƙarin yadi.

Ana haka aka turo sabuwar shef, wato shugabar proje, daga Yamai, Madam Nazifa. Ranar rabo a sansanin Assaga ta dubi layin mata, ta dubi Zarami daga hula zuwa takalmi, ta sake duban layin.

"Mushe Zarami," in ji ta, da irin "Malam" ɗin Faransanci, "lallai iskar kogi ta karɓe ka."

Daga nan ta ce bayan damina za ta dawo da masu ba da tallafin, su duba yadda ake aiki a magaza. Zarami ya shafa aljihun da makullin ke ciki. In kai ma an taɓa yi maka irin wannan yabo, wuce mataki na gaba.

2. Kada ka saurari masu cewa ka rage ci, ka motsa jiki

Masu wannan shawara ba 'yan garin nan ba ne. Tafiya a ƙasa ta talaka ce, wanda tun lokacin da aka hana hawa babur ya rame kyauta. Ma'aikacin proje kuwa in aka gan shi ya bar kat-kat, ƙatuwar motar proje, yana takawa, kafin ya kai kasuwa labari ya zaga cewa an kore shi.

Gudu kuma kada ka kuskura. A garin da ya sha jin harbi, babban mutum ba ya fitowa a guje haka kawai. Zarami ya gwada sau ɗaya da safe. Da ya waiga sai ya ga rabin unguwa a bayansa, mata da goyo, tsofaffi da tabarmi a ka, wani har da akuya a kafaɗa. Da ƙyar ya samu bakin yi wa sojoji bayani.

3. Ka san 'yan takarar

Da aka kira shi atilye a Yamai, sai ya sulale ya ga likita, domin wannan magani ba a ba da shi sai da takardar likita. Uku aka jera masa. Akwai ta kullum, akwai ta mako-mako, akwai kuma wata ta mako-mako da aka ce ta fi su cizo, ta kuma fi su sanin hanyar aljihu. Dukansu kamar bik na rubutu suke, kana tsira wa fatar cikinka da hannunka, sai su je su gaya wa cikin cewa ya ƙoshi alhali bai ga komai ba.

Likitan zai tambaye ka ko akwai ciwon suga, ko wani a danginku ya yi cutar maƙogwaro, ko cikinka ya taɓa ba ka wahala. Zai ce a fara da kaɗan, a ƙara a hankali. Zai ce dole ka canja yadda kake ci, kuma ranar da ka daina allurar, naman na iya dawowa gida. Kai dai riƙa gyaɗa kai kana cewa "wi doktor" har ya sa hannu. Ka saba da wannan a atilye, ba sabon aiki ba ne.

4. Ka shawarci kuran, wato wutar lantarki, kafin ka yanke hukunci

Mutanen Yamai suna zaɓen allura da jikinsu. A Diffa da firigo ake zaɓe, domin maganin sanyi yake so, kuran ɗinmu kuwa baƙo ne, ba ya sallama in zai tafi.

Abokinsa Labaran, mai kawo kaya daga tsallaken kogi, ya ce ya bar masa komai.

"Akwai wata wajena mai araha, wallahi orijinal. Ba ta son firigo sam. Tun daga can a gaban mota ta taho, ba abin da ya same ta."

Zarami ya juya kwalin, ya ga rana ta cinye rubutun, ya ce zai yi shawara. A nan kam na jinjina masa.

Firigon gida bai yiwu ba, yara za su ɗauka bik ne su tafi da shi lakwal, wato makaranta. Wanda ya rage shi ne na buro, mai injin wuta da ba ya mutuwa. To amma wa zai riƙa laɓaɓawa firigon buro kowace safiya yana ɗaga riga? Shi ke nan ta kullum ta faɗi zaɓe. Tsakanin biyun da suka rage, sai ya tuna da kallon Madam Nazifa, ya ɗauki mai cizon. Ya naɗe ta a baƙar leda ya tura bayan robar nonon sakatare.

5. Ka yi sallama da abinci cikin mutunci

Magani ya yi aiki, ba na cin amanarsa. Mutumin da a da ƙanshin banda ke tayar da shi daga barcin rana, yanzu in an wuce da kifin ta ƙofar gida sai zuciyarsa ta tashi. Ga gyatsa, ga kumburi, ga zarya zuwa bayan gida a tsakiyar taro.

Wahalar ba a ciki take ba, tana bakin tire. A majalisarsu tare ake sa hannu, kuma wanda ya yi loma biyu ya nemi ruwan wanke hannu ya yi zagi ko bai buɗe baki ba. Wasu suka ce girman kai ne ya kama shi. Wasu suka ce tsoro yake kada a zuba masa wani abu. Matarsa ta canja miya sau da dama, daga baya ta daina yi masa magana. Ka daure, duk cikin magani ne.

6. Ka tanadi amsa ga masu zuwa dubiya

A nan ba wanda ke ramewa da gangan. Da kaftani ya fara yi wa Zarami yawa, sai mutane suka fara zuwa gida da sassanyar murya suna "ya jiki?" Aka ce suga ne. Aka ce sammu ne. Aka ce wancan ciwon ne da ba a kiran sunansa.

Ko za a yanka ka, kada ka faɗi gaskiya. A garin da mutane ke wuni a rana saboda tiyar hatsi, da wane baki za ka ce ka sayi maganin da zai sa ka ƙi abinci? Yi ajiyar zuciya, ka dubi ƙasa, ka ce, "Aikin mutanen nan ne, ba ya barin mutum ya ci." Zarami ya faɗi haka sau ɗaya a masallaci, maganar ta kama hanyar kwalta da ƙafarta.

7. Ka tabbata babu mai sonka tsakani da Allah a cikin layi

Wannan matakin ne Zarami ya tsallake, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Yana da goggo a Assaga, Halima, yayar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Ya sha ce mata ta dawo gari, ta ƙi, wai in ta yi nisa da kogi wa zai sanar da ita ranar da aka ce a koma gonakin tattasai. A layinsa take karɓar rabo, kuma tiya ba ta san dangi ba.

Ranar da aka daɗe ana tsoro ta zo. Madam Nazifa ta sauko daga mota da baƙinta, Turawa biyu da tafinta. Ta dubi Zarami, hula ta zarme masa har kunne, kaftani yana lilo. Kafin ta ce uffan, wata tsohuwa ta bar layi ta taho da kwano ɗaure cikin tsumma.

"Wayyo Zarami, ɗan ƙanena, haka ka koma?" Ta kama hannunsa tana auna tsintsiyar da yatsunta. "An ce mini ba ka ci. Na ce ƙarya ne, bai samu ba ne. Yana ta ba mutane, ya mance da kansa."

"Goggo, lafiyata ƙalau, ki koma layi."

"Rufe mini baki. Tun wancan rabo nake ɗiba kaɗan kaɗan ina ɓoye maka. Hatsin nasu yanzu ba ya kai wata, ban san abin da ya samu awon ba. Amma ni tsohuwa ce, sau ɗaya a wuni ya ishe ni."

Ta kwance tsumman. Burabusko ne da miya, da guntun banda guda a sama.

Tafinta ya juya maganar. Ɗaya Baturen ya cire tabarau yana share ido, ɗayan ya ɗaga na'urar hoto. Madam Nazifa ta matso, muryarta ta yi laushi.

"Mushe Zarami, na zarge ka a raina. Ka yafe mini. Magazar da za mu buɗe wajen Bosso ma kai za ka riƙe."

Aka tafa. Goggo Halima ba ta san abin da ake wa tafi ba, ta shimfiɗa gefen zanenta a ƙasa ta ce, "Zauna ka ci ina gani."

Zarami ya zauna a gaban jama'a ya yanko loma. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya zo duniya, ya so ƙasa ta tsage. Ya kai lomar baki, ta tsaya a wuya. Ya tura da ƙyar, ya yi ta biyu, ta uku ta gagara. Hawaye ya zubo masa, baƙin suka ɗauka na godiya ne, suka ƙara ɗaukar hoto.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba ɗan farmasi ba ne, ba ya kuma cikin masu awo. Duk amai, gudawa, gyatsa, fushin iyali ko tsegumin majalisa da ya biyo baya, naka ne kai kaɗai. In da gaske jikinka ke neman maganin, je ka wurin likita, ka kuma saurare shi har ya gama magana. In an ƙara maka girma, ba na neman tukuici. In naman ya dawo, kada ka zo gidana.

Musamman ba ni da hannu a batun Goggo Halima, wadda ta karɓi kwanonta da saura a ciki, ta shafa kan Zarami ta ce kada ya damu, yunwa ce ta tsuke masa hanji, za ta ƙara rage nata ta kawo masa a rabo mai zuwa.